Ginin Buhu a Ƙasar Nguru da Gashuwa: Dabarar da Kuma Kalmominta

Gabatarwa

Duk wanda ya san garuruwan Nguru da Gashuwa ya san cewa abu biyu ba su yankewa a wannan yanki na arewacin Jihar Yobe, wato rairayi da buhu. Rairayi dai ga shi nan ko'ina, har yana neman cinye gonaki ta wajen Yusufari da Machina. Buhu kuwa kasuwannin gero da shinkafa da tattasai ne ke tara shi, ga kuma na takin zamani da manoman fadama ke zazzagewa kowace shekara. A wannan 'yar muƙala zan yi bayanin wata dabarar gini da ta haɗa waɗannan abubuwa biyu, inda ake cika buhu da ƙasa, a jera, a daɓe, har ya zama bango. Zan kawo asalinta da yadda ake yin ta da amfaninta da matsalolinta. Daga nan sai in tsaya a kan abin da ya fi shafar mu ɗaliban harshe, wato kalmomin da za a yi bayaninta da su. Dalilina shi ne, magini ba zai karɓi dabarar da ba a iya gaya masa ita da harshensa ba.

Matsalar Muhalli a Yankin

Damina a nan gajera ce, wata uku ne zuwa huɗu. Amma ruwan da ke rushe gidaje ba na sama ne kaɗai ba. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna kwaso ruwa daga nesa, su baje shi a fadamun Haɗeja da Nguru, sannan su haɗu su zama Kogin Yobe wanda ya bi ta gefen Gashuwa. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyi da yawa, sai ruwa ya riƙa kwanciya a inda da ba ya kwanciya. A daminar 2022, wadda ambaliyarta ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya, Gashuwa da ƙauyukan ƙasar Bade suna cikin wuraren da suka ji jiki.

Ginin ƙasa irin namu ba ya tsoron ruwan sama kamar yadda yake tsoron ruwan da ya kwanta a gindinsa. Da zarar tushe ya jiƙa ya yi laushi, nauyin bangon da kansa ne zai kayar da shi. Ga kuma matsalar rufi: azara, wadda ake tsagawa daga giginya ko namijin goruba, ta yi wuya ta yi tsada. Wanda ya ce zai koma ga bulo da kwano kuma, sai ya tarar da farashin siminti, wanda a farkon 2024 buhunsa ya haura naira 10,000 a wurare da dama. In ma ya daure ya gina, to a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ɗakin kwano marar silin ba ya shiguwa da rana.

Abin lura a nan shi ne, idan ruwa ya taso, abin da matasan waɗannan garuruwa ke fara nema shi ne shebur da buhu. Sukan cika buhuna da yashi su yi jinga a bakin kogi da bakin unguwa. Ke nan rabin dabarar da nake magana a kai tana hannunsu tuni. Abin da ya rage shi ne yadda jinga ta kwana biyu za ta zama bangon shekaru.

Asalin Dabarar

Sojoji da masu tare ambaliya sun daɗe suna jera buhunan yashi, amma mayar da su ɗakin kwana sabon abu ne. A 1976 wani malamin gine-gine mai suna Gernot Minke, na Jami'ar Kassel a Jamus, ya fara gwajin cika dogayen buhuna da tsakuwa marar nauyi yana tayar da bango da su, kuma a 1978 aka gina gidan gwaji da wannan hanya a ƙasar Gwatemala.

Wanda ya fi yayata dabarar shi ne Nader Khalili, masanin zanen gine-gine haifaffen Iran, wanda ya rayu daga 1936 zuwa 2008. A 1984 ya gabatar wa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, shawarar yadda za a yi gini a duniyar wata da ƙasar da ke can, tun da ba za a iya jigilar siminti da ƙarfe zuwa wurin ba. Daga baya ya juyo da tunanin ga talakawa da 'yan gudun hijira. Ya kafa cibiyar Cal-Earth a garin Hesperia na Jihar Kalifoniya a 1991, ya kuma raɗa wa dabarar suna Superadobe. A 1995 aka gina ɗakuna goma sha wani abu da ita a sansanin 'yan gudun hijira na Baninajar a Iran, tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2004 aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fannin gine-gine.

Mu ma a ƙasar Hausa muna da abin da ya yi kusa da wannan. Dalar gyaɗa da aka riƙa yi a Kano a da ba komai ba ce illa buhuna da aka jera bisa ƙa'ida, kowane sahu yana danne gaɓar na ƙasa da shi, har dala guda ta ɗauki buhu kusan 15,000 ba tare da ta zube ba. Nguru kanta, inda layin dogo daga Kano ya tsaya a 1930, da jigilar buhunan gyaɗa da ƙaro ta bunƙasa. Haka kuma a 2011 an gina gida da kwalaben roba cike da yashi a ƙauyen Yelwa kusa da Kaduna. A Jamhuriyar Nijar kuwa, tun shekarun 1980 ake koyar da magina yin rufin ƙasa mai ƙubba wanda ba ya buƙatar itace ko ɗaya. Duk waɗannan amsa ce ga tambaya guda: yaya mutum zai yi ɗaki da abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa?

Kayan Aiki

Kayan ba su da yawa. Na farko shi ne buhun roba saƙaƙƙe mai cin kilo 50, irin na taki ko na shinkafa. Buhun algarara ma yana yi, sai dai yana ruɓewa in ya sha danshi, kuma gara na cin sa. Na biyu ita ce waya mai ƙaya. Sai shebur da bokiti da baro da igiya da ma'aunin daidaita bango, da kuma abin daɓe mai nauyi.

Ƙasar da za a zuba ita ce uwar aikin, kuma a nan ne yankinmu ya yi sa'a. A tudu akwai rairayi, a fadama akwai laka, kuma sau da yawa tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Kowannensu shi kaɗai ba ya yi. Rairayi zalla ba ya kamawa, in buhu ya yage sai ya zube. Laka zalla kuma tana kumbura in ta jiƙa, ta tsattsage in ta bushe. Abin da ake so shi ne a gauraya su, laka ta zama kamar kashi 1 cikin 4 zuwa kashi 1 cikin 3, sauran kuwa yashi.

Akwai gwaji mai sauƙi. A zuba ƙasa a kwalba har rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Yashi zai kwanta nan take, turɓaya ta biyo baya, laka kuwa sai ta kwana ɗaya ko biyu kafin ta gama sauka. Kaurin kowane sahu a jikin kwalbar shi zai nuna yawan kowanne. Game da ruwan kwaɓi, danshi kawai ake so, ba taɓo ba. A dunƙula ƙasar a hannu, a sake ta daga daidai ƙugu. In ta watse kamar gari, ruwa bai isa ba. In ta lafe ba ta fashe ba, ruwa ya yi yawa. In ta rabu gida uku ko huɗu, to ta yi daidai.

Yadda Ake Ginin

Da farko a zaɓi wuri mai tudu. Sai a shata ɗakin, a haƙa ramin tushe, a cika shi da tsakuwa a daɓe. Amfanin tsakuwa shi ne ba ta jan danshi zuwa sama kamar yadda ƙasa ke yi. Sahu biyu ko uku na farko ma da tsakuwa ake cika su, a buhu riɓi biyu. Da yake dutse daga nesa ake kawo shi a wannan yanki, ana iya amfani da fasasshen tsohon bulo, ko a gauraya ƙasar waɗannan sahu na ƙasa da siminti kamar kashi 1 cikin 10. A nan ne ya kamata kuɗin mai gida ya tafi, domin a nan ruwa ke fara kai hari.

Daga nan sai bango. Ba a cika buhu a ƙasa sannan a ɗaga shi. A kan bangon ake cika shi, ana miƙo ƙasa da bokiti. Ana barin ɗan sarari a bakin buhun, a naɗe, a kwantar da shi bakin yana tokare da buhun da ya gabace shi. In sahu ya zagayo, sai a bi shi da daɓe har sai ƙarar dukan ta sauya ta yi tauri. Sannan a shimfiɗa waya mai ƙaya layi biyu a kansa. Ita ce ke yin aikin da kwaɓi ke yi a tsakanin tubala: ƙayoyinta suna kama buhun sama da na ƙasa, su hana su zamewa. Sahu na gaba sai a gocar da shi, tsakiyar kowane buhu ta faɗa a kan gaɓar biyun da ke ƙasa. Don kada ƙaya ta kama buhu tun bai daidaita ba, ana sa fallen kwano a ƙarƙashinsa, in ya zauna daidai sai a zare.

Ɗaki zagayayye irin kago ya fi ƙarfi, domin kowane ɓangarensa yana tokare ɗan'uwansa. In kuwa shigifa ake so mai kusurwa huɗu, to dogon bango yana buƙatar a fitar masa da dogari nan da can, kuma a ɗaure samansa da zoben kankare ko katako kafin a ɗora rufi. Ƙofa da taga, ana sa musu katakon riƙo tun ana gini, a yi musu linta ko a lanƙwasa samansu kamar baka. Ana iya rufe ɗakin da buhun kansa, ta hanyar shigo da kowane sahu ciki kaɗan har su haɗu a sama su zama ƙubba. Amma wannan aikin gwani ne, kuma ƙubbar da yaɓenta ya tsage tana yoyo. Ga mai koyo, jinka ko kwano mai dogon baki wanda zai zubar da ruwa nesa da bango ya fi kwanciyar hankali.

Mataki na ƙarshe shi ne yaɓe, kuma ba a jinkirta shi. Hasken rana yana cin buhun roba, cikin 'yan watanni sai ya zama gari. Kowa ya ga yadda buhunan jinga ke yagewa kafin rani ya yi nisa. Saboda haka ana fara cike ramukan da ke tsakanin sahu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa, sannan a bi da yaɓe hawa biyu ko uku. In an yaɓe, mai wucewa ba zai bambanta shi da ginin tubali ba.

Amfani da Matsaloli

Bari in yi ɗan lissafi. Buhu mai cin kilo 50, bayan an daɓe shi, tsawonsa kan kai kimanin santimita 60, faɗinsa 40, kaurinsa 12. Ɗakin da zagayen bangonsa ya kai mita 16, tsayinsa kuma kusan mita 2 da rabi, zai ci buhu 27 a kowane sahu, sahu 20. Ke nan buhu 500 da ɗoriya, da ƙasa mai nauyin fiye da tan 20. Wannan lissafi ya nuna amfanin dabarar da wahalarta a lokaci guda. Kuɗin kaya kaɗan ne, amma aikin ƙarfi ne sosai. In lebura za a biya a kan kowane bokiti, ribar za ta ragu. In kuwa gayya aka yi, kamar yadda ake yi wajen jinga, to a nan arhar take. Hausawa sun riga sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sauran amfaninsa sun haɗa da cewa ba a jiran tubali ya bushe kafin a fara gini, ba a buƙatar itacen gasa bulo, kuma bango mai kaurin santimita 40 yana jinkirta shigar zafin rana, ya kuma riƙe ɗumi a daren hunturu. Haka nan ya fi tubali karɓar ƙasa mai yashi, wadda ita ce ta fi yawa a nan.

Amma kada a ɗauka cewa ginin buhu maganin ambaliya ne. In ruwa ya kwanta kwana da kwanaki har ya haura sahun tsakuwa, ƙasar cikin buhu za ta yi laushi kamar kowace ƙasa. Buhu da waya suna riƙe ta fiye da yadda tubali zai riƙe kansa, amma wanda ya gina a hanyar ruwa ya gina a hanyar ruwa. Akwai kuma batun ramin da aka ɗebi ƙasa, wanda zai zama kududdufi, matattarar sauro, in ba a kula ba. Sannan buhun da aka zuba maganin ƙwari a ciki bai dace da wannan aiki ba. A ganina, wurin da ya kamata a fara gwadawa shi ne katanga da ɗakin ajiya da garken awaki da shago, har hannu ya faɗa, kafin a kai ga ɗakin kwana.

Matsala ta ƙarshe a zuciya take. Mutane da yawa suna kallon ginin ƙasa a matsayin alamar talauci. Amma da ƙasa Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a wajen shekarun 1830. Da ƙasa Falke Barmu ya gina masallacin Yama a yankin Tawa, wanda ya sami lambar Aga Khan a 1986. A 2018 kuma aka kammala masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a Nijar da bulon ƙasa matsattse, aikin da Mariam Issoufou Kamara ta zana tare da abokiyar aikinta. Ƙasa ba ta taɓa zama abin kunya ba a hannun wanda ya iya.

Da Wane Suna Za Mu Kira Shi?

Yanzu na zo kan rabonmu. Kusan duk abin da aka rubuta a kan wannan dabara da Turanci ne ko Faransanci. Wanda zai yi aikin kuwa magini ne ko birkila ko matashin da ya saba da jinga. Mun san hanyoyin da Hausa ke bi wajen samar da sabuwar kalma: aro, da faɗaɗa ma'ana, da harɗa kalmomi, da ƙirƙira. Sana'ar gini ta yi amfani da dukkansu. Bulo da siminti da rodi da linta da birkila da shebur duk aro ne daga Turanci. Kwano kuwa faɗaɗa ma'ana ce, daga abin cin tuwo zuwa abin rufin ɗaki. Kwanon sarki, wanda lebura ke ɗaukar kankare da shi, harɗaɗɗen suna ne. Har sunan kamfani ma yakan zama kalma, kamar yadda Bagco ya zama bakko a bakin 'yan kasuwa.

Game da sunan dabarar, ba na ganin akwai buƙatar aro. Muna da ginin ƙasa da ginin bulo da ginin dutse, saboda haka ginin buhu ya shiga sahunsu ba tare da gardama ba. Buhu guda da aka cika aka daɓe, sai a ce tubalin buhu. Abin sha'awa ma, kalmar adobe da ke cikin sunan da Khalili ya raɗa ta shiga Turanci daga Sifaniyanci, shi kuma ya aro ta daga Larabci, inda ɗub ke nufin bulon ƙasa, kuma da wannan tushe ake danganta kalmarmu ta tubali. Mai sha'awar kalmomin aro zai lura cewa wannan baƙi na Larabci yawanci ɗ yake zama a Hausa, kamar a ɗalibi da ɗabi'a, amma a tubali sai ya fito da t. Wannan kaɗai ya isa batun ƙaramin nazari.

Sauran kalmomin, yawancinsu suna nan suna jira. Dukan buhu daɓe ne, abin dukan kuma madaɓi, kamar dai na mata masu daɓen ɗaki. Bokitin da aka cire wa gindi don ya riƙe bakin buhu a buɗe, mazurari ne. Abin da ake auna zagayen ɗaki da shi, turke da igiya ne, yadda ake shata kago tun da. Rufe bango yaɓe ne. Sai dai ƙirƙira tana da tarko. Fallen kwanon da ake zarewa daga ƙarƙashin buhu, in aka bi ƙa'idar sunan kayan aiki mai ɗafa-goshin ma-, zai zama mazari. Amma mazari yana da mai shi tuni, wato abin kaɗin zare. Don haka gara a bar shi a falle kawai. Ƙa'idar nahawu tana ba da kalma, amma sai an duba ko gurbin a buɗe yake.

Akwai kuma tsofaffin kalmomin da sabuwar dabarar za ta iya rayawa. Tun da ginin buhu ba ya rayuwa sai da yaɓe mai kyau, dole a koma ga makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Haka nan birji da indararo da zanko da bakan gizo da ɗaurin guga. Ɗalibai nawa ne a cikinmu za su iya bayanin waɗannan ba tare da sun buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ba? Kalmar sana'a tana mutuwa ne ranar da aka daina aikin da take nufi.

Kada kuma mu manta cewa Nguru da Gashuwa ba ƙasar harshe ɗaya ba ce. Akwai Badanci, wanda ɗan'uwan Hausa ne a cikin harsunan Chadi, akwai Manganci na dangin Barebari, akwai Fulatanci. Marigayi Farfesa Russell Schuh da abokan aikinsa 'yan Yobe sun fitar da ƙamusun Badanci, har da na karin Gashuwa. Kwatanta kalmomin gini na waɗannan harsuna da na Hausa zai nuna wa ya ara daga wa.

Kammalawa

A wannan muƙala na yi ƙoƙarin nuna cewa ginin buhu bai yi nisa da abin da mutanen Nguru da Gashuwa suka sani ba. Ƙasar tasu ce, buhun nasu ne, jinga da daɓe da yaɓe da gayya duk nasu ne. Sabon abin da ke ciki shi ne waya mai ƙaya, da tushen tsakuwa, da ƙa'idar gauraya yashi da laka. Yana rage kuɗi, yana rage zafi, amma yana son ƙarfi da kula, kuma ba ya hana ruwa bin hanyarsa.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman batun kundin kammala digiri, ita ce a yi amfani da hutu a zauna da tsofaffin magina, a rubuta sunan kowane abu da kowane mataki yadda suke faɗa, tare da karin sauti da jam'i da misali a cikin jimla. Wanda ya tattara wannan, ya kuma rubuta ɗan littafin koyar da ginin buhu da Hausa mai sauƙi, a boko da ajami, ya yi wa harshe aiki, ya kuma yi wa wanda ruwa ya rushe wa ɗaki aiki. Allah ya sa mu dace.